Shekarar da Na Yi Shirin Hawan Duwatsun Nefal

A Jidda aka haife ni, a unguwar Ammariyya, kuma har na haura shekara talatin ban san irin sanyin da ke sa mutum neman bargo na biyu ba. Mahaifina da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya yi shekaru a Sudan yana tsinkar auduga kafin ya samu ya ƙetare teku. Ya sauke farali, ya zauna, ya mutu a nan. Ni kuwa tafiyata mafi nisa ita ce Madina.

Sana'ata tuƙi. A shekarun da ake faɗaɗa tashar jiragen ruwa, kamfanin da ke riƙe da iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ya haɗa ni da wani injiniya Bature, in kai shi aiki in komo da shi. Muhandis kowa ke ce masa, wato injiniya da Larabci, ni ma haka. Dogo ne siriri, ya doshi hamsin, ba mata ba ɗa, Larabcinsa kuma a karye yake amma ana ganewa. A bangon ɗakinsa akwai hotunan wasu duwatsu farare fat. Na daɗe ina zaton gishiri ne. Da na tambaye shi ya yi dariya har da tari, ya ce ƙanƙara ce, a wata ƙasa bayan Indiya da ake kira Nefal, kuma can yake kashe hutunsa duk shekara, yana tafiya a ƙasa daga ƙauye zuwa ƙauye.

Na ce, “Ya muhandis, mutum ya samu hutu, sai ya je ya wahalar da kansa?”

Ya ce, “Sai ka gani.”

Wata rana muka hau wani dogon rumbun hatsi da ake ginawa a bakin tasha, ina ɗauke da akwatin kayan awonsa. Da muka kai sama shi yana haki, ni ko gumi bai gama keto mini ba. Ya dube ni ya daɗe. Da yamma a mota ya ce abokin da suke tafiya tare kullum ya yi rauni a gwiwa, shi kuma ba ya hawa shi kaɗai, don a can sama dole a samu wanda zai riƙa duba fuskarka, ya gaya maka in hankalinka ya fara gushewa alhali kai ba ka sani ba. Ya ce in na yarda zai yi magana da kafili, wato mai kamfanin da nake zaune a ƙarƙashinsa, zai ɗauki nauyin komai. Ina da fasfon ƙasar ubana wadda ban taɓa takawa ba. Tun kafin mu isa gida na san na yarda.

Matata 'yar kawuna ce, ƙanin mahaifiyata. Tare muka tashi. A lokacin mun riga mun binne yara maza biyu. Na farkon bai kai yaye ba, na biyun ya fara tafiya, cikinsa ya kumbura, zazzaɓi ya ɗauke shi. Sai 'yarmu da ta rage, tana wajen shekara biyar, mai surutu in tana lafiya. In ciwon ya taso kuwa, hannuwanta da ƙafafunta su kumbura, idanunta su yi rawaya, ta yi ta ihu tana cewa ƙashinta ake sara. Surukata, wadda nake kira Inna, ta ce danshin teku ne, gidanmu ya cika laima. Mahaifiyata ta ce bakin mutane ne. Mun sha rubutu, mun yi turare, mun je asibiti an ba mu ƙwayoyin zazzaɓi. Muna kuma da niyyar komawa unguwar Waziriyya, inda aka ce ƙasar ta fi bushewa.

Da na gaya wa matata maganar tafiyar, tana tankaɗe ne. Ba ta ɗago ba ta ce, “Maigida, me aka ajiye maka a kan dutse?”

Na ce ban sani ba. Na ce ubana ya ga duniya da ƙafarsa, ni ban ga komai ba sai bayan motar da ke gabana.

Ta ce, “To, Allah ya kai ka ya dawo da kai. Amma ba za ka je da rigunan nan ba.”

Haka shiri ya fara, kuma ban taɓa jin daɗin wasu watanni kamar waɗannan ba. Muhandis ya sayo mini takalma masu nauyi kamar na soja, ya ce in sa su kullum har su saba da ƙafata, don sabon takalmi a kan dutse ya fi ƙaya cuta. Ina yawo da su cikin zafin Jidda, abokaina direbobi suna tsokana, suna tambaya wane yaƙi za ni. Matata ta je wurin mai ɗinkin katifa ta sayo auduga, ta zauna ta ɗinka mini wata riga mai ciko da hannunta. Ita ma ba ta san sanyi ba, don haka ta yi ta cusa auduga har rigar ta iya tsayuwa da kanta. Da na kai wa muhandis ya ɗaga ta ya auna a hannu, ya ce ta yi nauyi ƙwarai, amma in tafi da ita, za ta yi amfani wurin kwana.

Bayan la'asar nakan cika jaka da yashi in goya, in hau benen wani gini da ba a gama ba a bayan unguwarmu, in sauko, in sake hawa, har a kira magariba. A mota kuma muhandis yana yi mini karatu. Ya ce ciwon tudu ba ruwansa da ƙarfi, yakan kayar da ƙato ya bar tsoho. Iskar can sama ba ta ƙosar da huhu, sai an bi jiki a hankali ya saba. Ba a gaggawa. In an hau da rana, a ɗan sauko a kwana ƙasa da inda aka kai. Bayan 'yan kwanaki a huta yini guda ko da ba a gaji ba. Ruwa a tafasa, a sha ko ba ƙishi. In ciwon kai ya ƙi tafiya, ko amai ya zo, ko mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ba shawara, sai gangara, ko da saura kaɗan a kai inda aka nufa.

“Kai za ka duba ni, ni zan duba ka,” in ji shi. “Wanda ya ɓoye ciwo ya cuci ɗan'uwansa. Ka gane?”

Na ce na gane.

Ya ba ni labarin mutanen wurin. Gajeru ne masu fara'a, suna ɗaukar kayan da ya fi su nauyi da igiya a goshi, wasu ba ko takalmi. A gidajensu za mu riƙa kwana, kusa da murhu. Ya ce murhun nan suna girmama shi, ba a jefa shara a wutarsu, ba a miƙe ƙafa a tsallake mutum. In za su gaisa sai su haɗa tafin hannu a ƙirji. A kan hanya akwai tarin duwatsu masu rubutun addininsu, ana barin su ta hannun dama in za a wuce. Wannan ya ɗan dame ni, sai na je wurin limamin masallacinmu, wani dattijo da ya yi zamani da mahaifina.

Na ce, “Allah gafarta malam, ƙasar ba ta Musulmi ba ce. Yaya zan yi da abinci, da alwala in ruwa ya daskare, da duwatsun nan nasu?”

Ya ce shinkafa da wake da dankali ba su da addini, in ci, nama ne kawai zan bari. In ruwa zai cutar da ni in yi taimama a kan dutse, ai ba za a rasa dutse ba. Game da hanya kuwa ya ce, “Baƙo kake. Bi ta inda ba za ka ɓata wa masu gida rai ba. Allah ya san wanda kake bauta wa.” Sannan ya ce in na dawo in zo in ba shi labari, don shi ma bai taɓa ganin ƙanƙara tana sauka daga sama ba.

Da tafiya ta matso, muhandis ya ce saura abu ɗaya. Jidda a bakin teku take, jikina bai taɓa sanin tudu ba, don haka za mu je duwatsun Ɗa'if mu gwada. Muka tashi ranar Alhamis da safe, muka bi hanyar da waɗanda ba Musulmi ba ke zagaye Makka, muka kama hawan nan mai murɗe-murɗe inda birai ke zama a gefen titi. Muka wuce garin, muka ƙara gaba zuwa ƙauyukan da ke can sama. Da na fito daga mota wani hazo mai sanyi ya shafi fuskata, ga bishiyoyi kore, ga ƙanshin ƙasa. Na tsaya ina dariya ni kaɗai. Na ce a raina, in wannan ne somin-taɓi, to ina ga can.

Washegari bayan mun karya muka goya jakunkuna muka fara hawa. Rana ba ta yi nisa ba na ji wani abu ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Na zaci sukar nan ce irin ta mai gudu, na rage sauri. Sai ciwon ya haura kafaɗa, numfashi ya zama aiki. Muhandis ya juyo ya kalle ni sau ɗaya ya ce, “Halas. Ya isa haka, ajiye jakar.”

Na ce bari in ɗan huta, zai wuce.

Ya ce, “Me muka yi alkawari? Yalla, ƙasa.”

Shi ya ɗauki jakunkunan biyu, na dafa kafaɗarsa muka gangaro. Shi ya tuƙa motar, ina kwance a baya ina amai. Ranar ce kaɗai ya taɓa tuƙa ni. A asibitin Ɗa'if suka ƙara mini ruwa, suka ce a sauko da ni Jidda da wuri.

Na yi kwanaki a kwance a wani asibiti a Jidda. Likitan da ya duba ni mutumin Sudan ne, mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Ya ɗebi jinina, bayan kwana biyu ya sa aka kai ni ɗakinsa. Ya ce saifata ce, jini ya toshe a cikinta, wani ɓangarenta ya mutu, amma zan warke. Sai ya ce in leƙa cikin madubin da suke duba jini. Na leƙa. Na ga wasu abubuwa zagaye kamar ƙananan faranti, a tsakaninsu kuma wasu a lanƙwashe.

Ya ce, “Ka ga masu kama da lauje? Haka jininka ke yi in iska ta yi masa kaɗan. Kai ba mai ciwon ba ne, rabinsa kake ɗauke da shi, gado ne. A nan ƙasa kana iya tsufa ba ka sani ba. Amma da ka je inda kuka nufa, inda ake kwana da kwanaki kafin a ga mota, ban ce za ka dawo ba.”

Na ji zafin maganar, amma zafin rasa tafiya ne kawai. Ina tunanin takalman, da benen da na yi ta hawa, da abin da zan gaya wa liman. Sai likitan ya tambaye ni, kamar wanda ke cike shiru, ko ina da iyali. Na ce ina da mata da 'ya ɗaya, biyu sun rasu. Ya ce me ya same su. Na gaya masa. Ya ce yarinyar fa, lafiyarta ƙalau? Na gaya masa yadda hannuwanta ke yi.

Ya sake duba takardata. Sannan ya ce, “Matarka 'yar'uwarka ce?”

Na ce 'yar kawuna ce.

Ya ce, “Kawo mini su duka biyun.”

Ranar da muka koma jin sakamako, yarinyar tana lafiya, tana ta wasa da mayafin uwarta. Likitan ya sa wata ma'aikaciya ta fita da ita. Ya yi mana bayani da Larabci mai sauƙi, yana maimaitawa. Ni rabi, matata rabi. Yaron da ya ɗauko rabina ya haɗa da nata, shi ne mai ciwon gaba ɗaya. 'Yarmu ta haɗa. Ga dukkan alama 'yan'uwanta biyu ma sun haɗa. Ba danshi ba ne, ba baki ba ne, kuma ko mun koma wace unguwa zai bi mu.

Matata ta ce, “Maganin fa, ya daktor?”

Ya ce babu wanda ke raba mutum da shi. A riƙa ba ta ruwa da yawa, a kiyaye ta daga sanyi da gajiya, in zazzaɓi ya zo a kawo ta da gaggawa, in jini ya yi ƙasa a ƙara mata. Iyakar abin ke nan.

Sai ta ɗora hannu a cikinta. A lokacin tana da ƙaramin ciki, ko iyayenmu ba mu gaya wa ba. Ta ce, “Wannan fa?”

Ya ce yana iya tsira, yana iya haɗawa. Ba mai sani sai an haife shi ya yi watanni.

A hanyar gida yarinyar ta yi ta nuna mana jiragen ruwa daga nesa. Da muka shiga ɗaki matata ta cire mayafi ta ninke shi a hankali, ta ce, “Da ba ka hau dutsen nan ba.” Ba da faɗa ta faɗa ba. Na san abin da take nufi. Kafin ranar muna da abin jira. Muna cewa in mun tashi daga gidan nan za ta samu sauƙi, in ta girma za ta bar shi, na gaba zai zo da lafiya. Duk likitan ya karɓe, bai ba mu komai a madadinsu ba.

Inna ba ta yarda ba. Ta ce jininsu ba shi da aibi, ita ta haifi takwas ba wanda ya kumbura, sai dai a bincika wajen ubana da ba a san danginsa ba. Maganar ta kai kunnen mahaifiyata. Ita da ƙaninta, waɗanda suka haɗa auren da murna, suka daina shiga gidan juna. Har mahaifiyata ta rasu ba su koma kamar da ba.

Muhandis ya zo gaishe ni, ya zauna a kan tabarma da dogayen ƙafafunsa ya rasa inda zai sa su. Ya ce ya yi baƙin ciki. Na ce ai ya ceci raina, kuma gaskiya ce. Ya tafi Nefal tare da wata ƙungiya, ya dawo baƙi ƙirin da ƙunar rana, leɓɓansa a fashe. Ya kawo hotuna, na duba don kada ya ji kunya. Ban tuna abin da ke ciki ba. Bayan shekara aikinsa ya ƙare ya koma ƙasarsu, aka ba ni wani muhandis ɗin.

Namiji aka haifa. Kyakkyawa, mai ƙiba. Kullum da safe kafin in fita sai in ga matata ta buɗe 'yan yatsunsa tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, ni ma in na dawo in duba ba tare da ta gani ba. Ya yi wata biyar, ya yi shida, har na fara cewa a raina mun tsira. Wata rana na dawo cin abincin rana na tarar da ita zaune a tsakar gida da shi a cinya yana tsala kuka. Ta ɗago mini hannunsa, yatsun duk sun kumbura.

Bayan an yaye shi ta same ni ta ce, “Maigida, ka sauwaƙe mini. Ka nemi wadda jininta bai gamu da naka ba, ka samu masu lafiya. Ba zan riƙe ka a zuciya ba.”

Na ce ba zan yi ba. Ta maimaita sau da yawa a shekarun da suka biyo baya, amsata ba ta canza ba. Amma daga ranar ta mayar da shimfiɗarta ɗakin yara, ni kuma ban kira ta ba. Muka koma yadda muka faro, ɗan gwaggo da 'yar kawu a gida ɗaya, muna karɓa-karɓar jinya. Mun koma Waziriyya daga baya, don gidan ya fi kusa da asibiti.

'Yarmu ba ta kai shekara goma ba. Zazzaɓi ne ya shiga ƙirjinta a wani lokacin hunturu, muka kai ta da wuri kamar yadda aka ce mu yi, aka yi duk abin da aka ce za a yi.

Namijin ya daɗe fiye da yadda likitoci suka zata. Ƙugunsa ya lalace tun yana yaro, yana ɗingishi, makaranta rabi a aji rabi a gadon asibiti. Ya koyi gyaran agogo, don aiki ne na zaune, ya samu ɗan teburi a gaban shagon wani mutumin Yaman. Har gemu ya fito masa. Ba ya yawan magana, kuma Hausarsa ta fi ƙarfi a kunne fiye da a baki, yakan fara da ita ya ƙare da Larabci.

Wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci muna zaune a ƙofar gida, yana murmurewa daga wani tashin ciwon da ya kusa tafiya da shi. Uwarsa tana ciki. Ya ce, “Baba, in tambaye ka?”

Na ce ina ji.

Ya ce, “Da kun san wannan tun farko, kai da Umma, za ku yi auren?”

Na so in ce masa komai rubutacce ne, na san kuma ya san da haka, ba shi yake tambaya ba. Na dubi ƙafafunsa sirara a cikin silifa. Na ce, “Da ba mu yi ba.”

Ya gyaɗa kai ya ce, “Haka na zata.” Sannan ya leƙa ciki ya ce wa uwarsa ko akwai sauran shayi.

Bayan shekara biyu muka binne shi. Matata ta rayu bayansa da daɗewa, ni na yi jinyarta a ƙarshe, kuma ban taɓa gaya mata abin da muka tattauna a ƙofar gida ba.